Mudu da Abin Awo: Tarihin Jarraba Kwamfuta da Darar Ces

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan 'yan dara da la'asar a Dutse, ko a Garu ko a bakin tasha, ya san cewa tashi daga wasa ba shi ne ƙarshen magana ba. Da zarar dara ta ci gida, sai wani daga cikin 'yan kallo ya tsuguna, ya mayar da tsinke da tsakuwa cikin ramukan da suke kafin a yi kuskuren, ya dubi wanda aka cinye ya ce masa, “To a nan, me ya kamata ka yi?” Ramuka 30 ne, 'ya'ya 12 kowane ɓangare, amma a wannan lokacin wasan duka ya tattaru a kan tambaya guda. Wanda ya gano amsa a kallo ɗaya, an san gwani ne. Wanda ya daɗe yana susar ƙeya, an san inda ya tsaya.

Wannan ɗabi'a ta tsayar da wasa a wuri guda domin a auna idon ɗan wasa tsohuwa ce ƙwarai, kuma ita masana kwamfuta suka ara lokacin da suka so sanin ko na'urorinsu sun iya ces, wato darar da Larabawa ke kira shaɗaranj. Sukan jera 'ya'yan dara a kan allo cikin wani yanayi da aka riga aka san mafitarsa, su ba na'ura lokaci, su ga ko za ta gano takun da ya dace. A wannan rubutu zan kira irin wannan yanayi shimfiɗar gwaji. Tarihinta ya cancanci a san shi, domin a yau kusan kullum ana gaya mana cewa wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ci kaza cikin ɗari a wata jarrabawa. Masu darar kwamfuta sun riga kowa shiga wannan rami, sun kuma riga kowa gano hanyar fita.

Daga Bagadaza aka faro

A ƙarni na 9, a zamanin daular Abbasiyya, wani gwanin shaɗaranj mai suna al-Adli ya rubuta littafi a kan wasan. A ciki ya tattara abin da ake kira mansubat, wato shimfiɗun da aka girka musamman domin mai koyo ya nemo mafita. Malaman wasan na lokacin sun kasa 'yan wasa zuwa darajoji biyar, mafi girmansu su ne aliyat. Bayan al-Adli sai aka yi as-Suli, marubuci kuma masanin tarihi, wanda ya shahara a fadar Halifa al-Muktafi a farkon ƙarni na 10. Shi ne ya bar wata shimfiɗa mai 'ya'ya huɗu kacal, ya yi iƙirarin cewa ba mai warware ta sai wanda ya koya a wurinsa. Ta zauna kusan shekara dubu, sai a shekarun 1980 gwanin Rasha Yuri Averbakh ya fito da cikakkiyar mafitarta, daga baya kwamfuta ta tabbatar da cewa as-Suli ya faɗi gaskiya, akwai nasara a ciki.

Wasan bai tsaya a Gabas ba. A 1934 C. K. Meek ya wallafa bayani a kan wani nau'insa da ake bugawa a Barno da sunan tsatsarandi, kalmar da ta fito daga shaɗaranj. Ke nan darar da muke ɗauka ta Turawa ta riga Turawa isowa maƙwabtanmu na gabas.

Tambayar da Shannon ya bari

A 1950 Claude Shannon, injiniya a cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka, ya wallafa maƙalar da ta zama tushen darar kwamfuta. Ya ƙiyasta cewa yawan wasannin da za a iya bugawa ya kai lamba 1 da sifiri 120 a bayanta, don haka ba na'urar da za ta bi kowace hanya har ƙarshenta. Shawararsa ita ce na'ura ta hangi 'yan taku a gaba, sannan ta tsaya ta yi wa abin da ta gani kima da lamba: sarauniya maki 9, hasumiya 5, doki da giwa 3 kowanne, ɗan dakare 1, a ƙara da wasu maki saboda sararin motsi da tsarin dakaru. Daga nan duk manhajar ces ta zama abu biyu, zurfin hange da kyawun kima.

Sai dai ta yaya mai rubuta manhaja zai san ko gyaran da ya yi jiya ya ƙara mata ƙarfi? A shekarun 1960 da 1970 kwamfuta abu ce mai tsada, ta jami'a ce ko ta kamfani, ana ba mutum ita da awa, sau da yawa cikin dare. Wasa guda na iya cinye awa huɗu ko biyar. Shimfiɗar gwaji kuwa minti biyu ko uku take ci, kuma ana iya maimaita ta gobe a ga bambanci. Talaucin lokaci ne ya sa ta zama mudun kowa.

Shimfiɗa ta 70

Mafi shahara cikin irin waɗannan shimfiɗu ba don kwamfuta aka tsara ta ba. A 1901 zakaran duniya Emanuel Lasker da Gustavus Reichhelm na Filadelfiya suka fito da ita, sannan Reuben Fine ya sa ta a matsayin lamba 70 cikin littafinsa na ƙarshen wasa na 1941. Sarakuna biyu ne da 'yan dakaru bakwai da suka cije da juna, ba mai motsi sai sarakunan. Farin sarki yana kusurwa, kuma taku ɗaya tak ne ke kai shi ga nasara, wato ya matsa gida ɗaya gefe zuwa b1. Amfanin wannan taku ba ya bayyana sai bayan sama da taku 20.

Ga manhajar da ke bin kowace hanya da kanta, wannan zurfi ya fi ƙarfinta. Amma sarki na iya isa gida ɗaya ta hanyoyi da yawa, don haka mafi yawan rassan da take ƙirgawa maimaici ne. Idan aka ba ta rumbun da za ta riƙa ajiye duk yanayin da ta riga ta auna, dabarar da Richard Greenblatt ya yi amfani da ita a manhajarsa Mac Hack tun 1967, sai aikin ya koma na ƙiftawar ido. Shi ya sa har yau mai rubuta sabuwar manhaja kan ba ta shimfiɗa ta 70 domin ya san ko rumbun ajiyarsa na aiki. A lura da abin da wannan gwaji ke yi: ba ya gaya maka ƙarfin manhaja, yana gaya maka ko wani ɓangare nata guda lafiyarsa ƙalau. Wannan shi ne aikin da shimfiɗar gwaji ta fi iyawa, kuma matsaloli sun fara ne ranar da aka ɗora mata kayan da suka fi haka.

Gwajin Bratko da Kopec

A 1982 Ivan Bratko, masanin kwamfuta daga Sulobeniya, da Danny Kopec, gwanin ces Ba'amurke da ke karatun digirin digirgir a Jami'ar Edinbara, suka wallafa kundin gwaji mai shimfiɗa 24. Sun kasa shi biyu. Rabi na dabarar kai hari ne, inda lissafin 'yan taku ke fito da amsa. Ɗaya rabin kuma na tura ɗan dakare ne ya dunguri na abokin hamayya domin a fasa sahu, takun da ribarsa ba ta zuwa da wuri. Wanda ake jarrabawa na iya kawo amsa har huɗu bi da bi: idan ta farko ce daidai ya sami maki ɗaya, ta biyu rabi, ta uku sulusi, ta huɗu rubu'i.

Sun ba mutane da na'urori kundin, suka ga abin da 'yan wasa suka daɗe suna zato. Na'urori sun fi ƙarfi a ɓangaren lissafi, sun yi rauni a ɓangaren da ke buƙatar sani da gogewa. Binciken ya yi amfani, amma sai kundin ya zama ma'aunin da kowa ke ambato, kuma nan rauninsa biyu suka fito. Na farko shi ne ƙarancin tambayoyi. A cikin 24, tazarar da ke tsakanin manhajar da ta ci 18 da wadda ta ci 20 ba ta wuce abin da sa'a kaɗai ke iya kawowa ba. Na biyu ya fi muni. Da yake kowa ya san shimfiɗun da amsoshinsu, mai manhaja na iya yi wa lambobin kimarsa kwaskwarima har sai ta ci duka, ba tare da ta ƙara ko ƙwayar zarra a fagen wasa ba. Masanin tattalin arziki ɗan Ingila Charles Goodhart ya lura da irin wannan a harkar kuɗi tun 1975: ma'aunin da aka mayar abin nema yakan daina auna gaskiya.

Lokacin da amsar malam ta zama kuskure

Masu manhaja sun kuma karɓi littafin Fred Reinfeld na 1958 mai shimfiɗa 300, wanda ya rubuta domin masu koyo. Shekara da shekaru ana auna ci gaba da yawan abin da manhaja ta warware a cikinsa. Da na'urori suka ƙara sauri, sai suka riƙa cinye kusan duka cikin daƙiƙoƙi, mudun ya yi wa hatsin kaɗan. 'Yan kaɗan da suka rage kuma suka jawo wata tambaya. A shimfiɗa ta 230, an daɗe ana ganin gazawar manhajoji ne ya hana su zaɓar sadaukar da hasumiyar da littafin ya ce ita ce nasara. Da aka zurfafa bincike sai aka gano cewa ɗaya ɓangaren na da kariyar da ke kai wasan ga canjaras. An yi shekaru ana rage wa ɗalibi maki alhali takardar amsa ce ke da gyara.

A Jamus, a shekarun 1990, Hubert Bednorz da Fred Tönissen suka tsara kundi mai shimfiɗa 30 da suka kira BT2450. Kowace shimfiɗa tana da minti 15. Sai a haɗa daƙiƙoƙin da manhaja ta ɓata, a raba da 30, a cire daga 2450, abin da ya rage a ce shi ne darajarta a ma'aunin Elo, wanda hukumar ces ta duniya ta karɓa tun 1970. Ba a jima ba na'urori suka kusa taɓo rufin, dole aka canza wasu shimfiɗu aka ɗaga lambar zuwa 2630. Irin wannan kundi ya fito da wata matsalar kuma. Manhaja na iya zaɓar takun daidai a daƙiƙa ta uku bisa dalili marar tushe, ta bar shi a minti na biyu, ta dawo masa a na goma. Shi ya sa aka sa sharaɗin cewa sai ta gano takun ta kuma riƙe shi, wasu ma suka ce sai an duba jerin takun da take hange a bayansa da kimar da ta ba shi.

A 1994 Bafaranshe Pierre Nolot ya zaɓi shimfiɗa 11 masu tsananin wuya, mafi yawansu daga wasannin manyan gwanaye. Ta farko daga wasa na 20 ne na karawar Kasparov da Karpov a 1990, inda doki ya faɗa kan h6. A lokacin ana ganin ba kwamfutar da za ta warware su cikin lokaci mai ma'ana. Shekara uku bayan haka, a watan Mayun 1997, na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM, mai auna yanayi kusan miliyan 200 a daƙiƙa, ta doke Kasparov da maki uku da rabi, shi yana da biyu da rabi. A shekarun da suka biyo baya kwamfutocin gida suka warware mafi yawan shimfiɗun Nolot, suka kuma jefa shakka a kan amsar wasu daga cikinsu. Daga wannan lokaci aka juya al'amari: kafin a ba na'ura jarrabawa, sai an ba wata na'urar takardar amsa ta duba.

Inda babu gardama

Wuri ɗaya ne aka sami amsar da ba ta da ja. Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro tsarin Unix, ya bi ƙarshen wasa ta baya: ya fara daga duk yanayin da aka kashe sarki, ya riƙa komawa taku ɗaya-ɗaya har ya san hukuncin kowane yanayi mai 'ya'ya kaɗan. A 1977 a Toronto, rumbunsa ya riƙe sarki da hasumiya a gaban gwanayen da ke riƙe da sarki da sarauniya, suka kasa cin wasan da littattafai ke cewa mai sauƙi ne. A shekarun 1980 irin wannan lissafi ya nuna cewa giwa biyu na cin doki guda, saɓanin abin da aka yarda da shi tun 1851. A 2012 masana a Jami'ar Jihar Mosko suka kammala rumbun 'ya'ya bakwai, wanda ya ci kimanin tarabait 140, aka kuma sami yanayin da nasararsa ke buƙatar sama da taku 500. Wannan gaskiya ce tsantsa, amma iyakarta 'ya'ya bakwai, alhali da 32 ake fara wasa.

Komawa fagen fama

Tun 1984 wata ƙungiya a Suwidin, SSDF, ta ɗauki hanya ta daban: ta haɗa na'urori su kara da juna, ta fitar da darajarsu daga sakamakon wasanni. Hanyar tana da jinkiri, amma ba a iya haddace ta. An yi ƙoƙarin gyara tsohuwar hanyar ma. Dann Corbit da Swaminathan Natarajan sun tsara kundi mai shimfiɗa 1,500 a kan jigogi 15, inda mafi kyawun taku ke da maki 10, waɗanda ke biye da shi kuma suna samun rabonsu, domin a tsakiyar wasa ba kullum amsa ke zama ɗaya ba.

Abin da ya yanke hukunci shi ne arahar kwamfuta. A 2013 masu haɓaka manhajar Stockfish suka kafa tsarin Fishtest, inda masu sa kai daga ƙasashe da yawa ke ba da aron na'urorinsu. Duk wanda ya kawo gyara, sai a sa sabuwar manhaja ta kara da tsohuwar a wasanni dubbai, wani lokaci dubbai goma-goma, ana bin wata dabarar ƙididdiga da Abraham Wald ya ƙirƙiro a shekarun 1940, wadda ke tsayar da gwaji da zarar hujja ta isa. Da wannan tsari aka riƙa ganin gyaran da ke ƙara yawan shimfiɗun da ake warwarewa amma yana rage nasara a fage, sai a yi watsi da shi komai kyawunsa a ido. Haka kuma lokacin da kamfanin DeepMind ya gabatar da AlphaZero a Disamban 2017, hujjar da ya kawo wasanni 100 ne da Stockfish: nasara 28, canjaras 72, ba faɗuwa ko ɗaya.

Duk da haka shimfiɗar gwaji ba ta mutu ba, ta koma aikinta na asali. Mai sabuwar manhaja kan ƙirga hanyoyin da ke fita daga farkon wasa: 20 bayan taku ɗaya, 400 bayan biyu, 8,902 bayan uku, 197,281 bayan huɗu. Idan lissafinsa ya saɓa ko da ɗaya, akwai kuskure a dokokin motsin da ya rubuta. Tana kuma tona makantar na'ura. A 2017 masanin lissafi Roger Penrose ya fitar da wata shimfiɗa inda manyan manhajoji ke nuna baƙi ya yi rinjaye mai yawa, alhali ɗan wasa matsakaici na ganin cewa 'ya'yan baƙin a kulle suke, ba su da hanyar shiga.

Abin da ya shafe mu

Dutse ta zama babban birnin jiha a watan Agustan 1991, ta sami jami'ar tarayya a 2011, kuma tun 2015 duk ɗan Jigawa mai neman shiga jami'a a kan kwamfuta yake rubuta jarrabawar JAMB. Iyaye da malamai sun san bambancin yaron da ya haddace tambayoyin shekarun baya da wanda ya fahimci darasi, sun kuma san cewa maki kaɗai ba ya rarrabe su sai an canza tambaya. Yanzu irin wannan awo ya iso ga manhajojin da ake tallata wa ofisoshi da makarantu da asibitoci, har da masu iƙirarin jin Hausa. Kowace na zuwa da lambarta.

Tarihin darar kwamfuta ya bar mana tambayoyin da ya kamata ma'aikacin da zai sa hannu a takardar saye, ko ɗalibin da ke rubuta kundin digiri, ya yi wa wannan lamba. Tambayoyi nawa ne aka yi gwajin da su? Wa ya rubuta amsoshin, wa kuma ya duba su? Shin manhajar ta taɓa ganinsu kafin ranar jarrabawa, musamman da yake manhajojin yau daga rubutun intanet ake horar da su? Idan ta ba da amsa daidai, dalilinta daidai ne? Sannan an gwada ta a ainihin aikin da za ta yi, da Hausar da mutanen Kiyawa da Jahun ke yi, ko da jimlolin da aka fassara daga wani harshe? Masu ces sun yi sa'a, wasansu na da ci da faɗuwa, ana iya buga shi sau dubu a dare ɗaya. Fassarar takardar asibiti ko shawara ga manomin dabino ba su da irin wannan alƙali mai sauri, don haka nauyin tambaya ya fi yawa a kanmu.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai ɗan kasuwar hatsi a Shuwarin bai yarda da ido kaɗai ba. Ya san mai kaya na iya zuba mai kyau a bakin buhu, don haka yakan soka ƙarfe a tsakiya da gindi ya ga abin da zai zubo, kuma ba ya gaya wa kowa inda zai soka. 'Yan darar Garu ma haka suke yi. Bayan an nuna wa wanda aka cinye takun da ya kuskure, ya kuma gyaɗa kai ya ce ya gane, ba wanda ke ba shi sarautar gwani a kan wannan. Sai a share ramukan, a raba 'ya'ya 12-12, a ce masa ya zauna a sake.